A Daina Fakewa da Munich



Duk wanda ke zauren nan ya san Linux, ya kuma san bambancin buɗaɗɗiyar manhaja da kulalliya, don haka zan tsallake wannan. Rigimata da wata hujja ce guda da ake jefo mini a kowane zaman kwamiti, da zarar na ce a ɗora Linux a ɗakunan kwamfuta na jami'armu: wai ai birnin Munich na Jamus ya gwada ya gudu. Masu faɗin haka ƙarshen labarin kawai suka ji.

A 2003 majalisar birnin ta yanke shawarar barin Windows. Maganar ta girgiza Microsoft har shugaban kamfanin na lokacin, Steve Ballmer, ya je da kansa wajen magajin gari Christian Ude yana tayin rangwame. Majalisa ba ta sauya ra'ayi ba. Aka haɗa nau'in Linux na birnin, aka sa masa suna LiMux, kuma a ƙarshen 2013 kusan kwamfuta 15,000 na ma'aikata suna kansa. Lissafin hukumar birnin ya nuna an rage kashe fiye da yuro miliyan 10. Aka yi shekaru ana biyan albashi, ana karɓar haraji, ana ba da takardu, birni bai tsaya ba.

To me ya sauya? A 2014 aka zaɓi sabon magajin gari, Dieter Reiter, wanda bai taɓa ɓoye ƙaunarsa ga Microsoft ba. A 2016 kamfanin ya kawo hedikwatarsa ta Jamus cikin birnin. Ban ce an sayi kowa ba, jerin shekaru kawai na karanto muku. Aka ɗauko kamfanin Accenture, abokin hulɗar Microsoft, ya binciki koke-koken ma'aikata, amma rahotonsa ya ɗora mafi yawan laifin a kan yadda aka rarraba aikin kula da kwamfuta tsakanin sassa barkatai. Duk da haka, a Nuwamba 2017 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kusa yuro miliyan 50. Da aka yi zaɓen 2020, sabon ƙawancen da ya karɓi majalisar ya rubuta a yarjejeniyarsa cewa zai fifita buɗaɗɗiyar manhaja. Abu ne da siyasa ta kawo, siyasa ta ture, siyasa ta sake ɗagawa. Ina gazawar fasaha a nan?

Kuma me ya sa Munich kaɗai ake ambata? Jandarmomin Faransa sun fara komawa Ubuntu, wani nau'in Linux, tun 2008, dubban kwamfutocinsu na kansa har yau. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da mayar da kwamfuta 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Ana cewa ma'aikatanmu ba su saba ba. Ba a haifi kowa da sanin Word ba. Koya aka yi. Ana cewa babu masu gyara. Mu da muke yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta duk shekara bai kamata wannan magana ta fito daga bakinmu ba.

Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kuma Windows 11 ba ya karɓar tsofaffin na'urori da yawa. Ku duba ofisoshinmu ku gaya mini wace irin kwamfuta ce ta fi yawa, kuma nawa ne ke da lasisin gaske. Haka batun dandalin sada zumunta: daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 an rufe Twitter a Najeriya, hukumomin da suka dogara da shi wajen sanarwa suka yi tsit. Zanen aro ba ya rufe katara.

Shawarata uku ce, kuma ba yau na fara ba da ita ba. Duk takardar hukuma a ajiye ta a tsarin ODF, wanda manhajoji da yawa za su iya buɗewa. Ɗakunan kwamfuta na ɗalibai su koma Linux kafin ofisoshi, a ba ɗaliban kansu aikin kula da su. Kowace jami'a ta kafa sabarta ta Mastodon, buɗaɗɗen dandalin sada zumunta, sanarwarta ta riƙa fita daga gidanta. Darasin Munich na gaskiya kuwa shi ne a haɗa kula da kwamfuta a hannun sashe guda, a kuma rubuta manufar cikin dokar jami'a, yadda sabon shugaba ba zai soke ta da sa hannu ɗaya ba.