Tuta Mai Magana

Yau zancen tuta za mu yi, da yadda aka koya wa ƙyalle magana.

Ku dai ba baƙin tuta ba ne. Ga Gimbana nan kusa da Jega, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Harin da rundunar Gobir ta kai mata a 1803 yana cikin abin da ya kai Shehu ga yin hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Ɗan Abdussalamin nan kuwa, Buhari, shi ya kafa Jega. Da jihadi ya kankama, malamai suka riƙa zuwa wurin Shehu daga nesa, yana ba su tuta. Malam Yakubu ya kai tasa Bauci, Buba Yero Gwambe, Malam Musa Zazzau, Umaru Dallaji kuwa Katsina. Ƙyalle ne kawai a kan sanda, amma duk wanda ya hange shi ya san izinin wanda ke bayansa.

A fagen fama aikin tuta ya fi haka. Ƙura ta murtuke, dawaki na haniniya, ba mai jin muryar ɗan'uwansa. Sai mayaƙi ya ɗaga kai ya nemi tuta. In tana tsaye, ya san jama'arsa na nan. In ta yi gaba, ya bi. In ta faɗi, zuciyarsa ta karye. Shi ya sa ran 15 ga Maris 1903, da Turawa suka auka wa Sakkwato, waɗansu mazaje suka tsaya gindin tutar Sarkin Musulmi Attahiru, suka ƙi gudu har aka kashe su nan.

Amma fa tuta irin wannan magana ɗaya gare ta, watau, "Ga mu nan." Sauran umurni sai da tambari, ko ƙaho, ko manzo bisa doki.

To, yaya wanda ke yaƙi inda doki ba ya zuwa zai yi? A zamanin nan na Shehu, Ingilishi da Faransawa suna ta gwabzawa a kan teku. Kada ku kwatanta jiragensu da kwalekwalen da ke ƙetare da ku Gulbin Zamfara ran kasuwa. Manya ne na katako, iska ke tura su da filafilai, guda ɗaya yakan ɗauki igwa 74 ko fiye, da mutum ɗaruruwa. Sukan jeru ɗaya bayan ɗaya, layin ya kai mil da dama. Shugaban rundunar yana cikin jirgi guda. Ihu ba ya kaiwa, ganga kuma ƙarar igwa ta danne ta. Ba abin da ya rage masa sai ido. Sai ya sa a ja tuta da igiya zuwa kan jigon jirginsa, na sauran jiragen su duba da madubin hangen nesa.

Da fari kowace tuta ma'anarta ɗaya, gwargwadon launinta da wurin da aka rataye ta. Maganar ta yi kaɗan ƙwarai, kuma ƙarancin ya jawo hasara. A 1781, a gaɓar Amurka, shugaban rundunar Ingila mai suna Graves ya gamu da jiragen Faransa. Ya ɗaga tutar da ke cewa a matsa kusa a buga, alhali tutar da ke cewa kowa ya tsaya cikin layi ba a sauke ta ba. Hood, mai jan jiragen baya, ya bi ta layi, jiragensa suka kusan zama 'yan kallo. Faransawa suka riƙe mashigin, sojan Ingila da ke kan tudu suka rasa gudunmawa, suka ba da kai a watan Oktoba. Daga nan Amurka ta kama hanyar kuɓuce wa Ingila. Ni a ganina laifin na shugaba ne, gama mai ba da umurni biyu masu karo da juna bai ba da ko ɗaya ba.

Maganin da aka samo, ku da kuka fara karatu za ku gane shi nan da nan. Aka ɗinka tutoci goma, kowace ta tsaya a madadin lamba guda, daga 0 zuwa 9. In an jera uku a igiya ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, sun ba da lamba kamar 253. Wani hafsa mai suna Popham ya shirya littafi a 1800, ya ba kalmomi lamba lamba, kowane jirgi da nasa. Kalmar da babu ita a ciki, sai a harhaɗa ta baƙi baƙi, kamar yadda kuke yi a aji. Da yake asiri ne, akan ɗaura wa littafin alamu nauyi, don in abokan gaba za su kama jirgi a jefa shi ruwa ya nutse.

Ran 21 ga Oktoba 1805, shekarar da jama'ar Shehu suka ci Birnin Kabi, suka kuma sha wuya a Alwasa, Nelson ya fuskanci jiragen Faransa da Sifen 33 a Tarafalga, shi yana da 27. Kafin a fara ya so ya gaya wa mutanensa Ingila ta amince kowa zai yi aikin da ke wuyansa. Mai kula da tutocinsa, Pasco, ya ce masa kalmar amincewa babu ita a littafi, harhaɗa ta zai ci lokaci, amma akwai ta sa rai, lamba 269. Nelson ya yarda aka musanya. Sau 12 aka ja tutoci kafin maganar ta cika: takwas na kalmomi, huɗu na baƙaƙen kalmar ƙarshe. Sa'an nan ya sa aka ɗaga lamba 16, watau a matsa kusa da abokan gaba, aka bar ta a sama har harbi ya kakkaɓo ta. Ingilishi suka ci nasara, shi kuwa harsashi ya same shi, ya mutu ran nan.

Dabarar ba ta rasa aibi ba. Hayaƙin albarushi yakan rufe tuta, in iska ta kwanta ta lanƙwashe a jikin igiya ba a ganin launinta, da dare kuwa sai a koma ga fitilu da bugun igwa. Don haka akan ajiye ƙananan jirage a gefen layi, aikinsu su maimaita abin da shugaba ya ɗaga, na nesa su gani.

Yanzu rediyo ya karɓe yawancin aikin, amma har yau jiragen ruwa na ɗauke da tutoci 26 na baƙaƙe, ban da na lambobi, ma'anarsu ɗaya ce a ko'ina cikin duniya. Jirgin da ya doshi tashar Ikko ya ɗaga rawaya ita kaɗai, cewa yake yi ba cuta a cikinsa, yana neman iznin shiga.