ƘWAI DA DUTSE: JAWABI GA MALAMAN KIMIYYA, ƊALIBAI DA IYAYENSU

Kowa ya san ƙwai da dutse ba su haɗa hanya. Amma a makarantun sakandare na ƙasashe da dama akwai wani gwaji da akan ba ɗalibai: a ba yaro ɗanyen ƙwai guda, a ce ya ƙera masa mazubi, a sako shi daga bisa, ya faɗi ƙasa bai fashe ba. Wannan jawabi zai bayyana yadda ɗalibi a Samaru Kataf, ko Zonkwa, ko Kafanchan, zai yi wannan aiki da kayan da ke bayan ɗakin uwarsa, da kuma dalilin da ya sa aikin ya wuce wasan yara.

ABIN DA KE FASA ƘWAI

Duk abin da aka saki daga bisa, saurinsa yana ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Ƙwan da aka sako daga tsayin mita 2 yakan iso ƙasa da gudun kimanin kilomita 22 a awa. Faɗuwar ba ta yi masa kome. Tsayawa farat ɗaya ita ce ke fasa shi. Wannan yana cikin ƙa'idojin motsi waɗanda Isaac Newton na Ingila ya wallafa a 1687.

Ga lissafin. A ɗauka nauyin ƙwan giram 60 ne. In ya tsaya cikin tazarar milimita 2, bugun da zai sha ya yi kamar nauyinsa sau 1,000, watau kilo 60. In kuwa abu mai laushi ya tare shi sannu a hankali cikin santimita 5, bugun ba zai wuce kimanin kilo biyu da rabi ba. Saboda haka aikin mazubi shi ne ya tsawaita tsayawar.

YADDA ZA A ƘERA MAZUBIN

Na farko, a sami ƙaramin kwali ko gwangwanin madara wanda zai bar sararin yatsa uku ko fiye ta kowane gefen ƙwan.

Na biyu, a cika sararin da abin da ke lotsawa: ƙaiƙayin acca, ɓawon gyaɗa, audugar rimi, ko dusa. Kada a danƙare shi ya yi tauri, kada kuma a bar ƙwan yana kai da kawowa.

Na uku, a tsai da ƙwan bisa tsininsa, gama ya fi jure matsi ta tsawonsa, sa'an nan a sa ɗan nauyi a gindin mazubin domin ya sauka ta nan.

Na huɗu, a ɗaura sili-silin karan dawa a waje. Karan ya karye, ƙwan ya tsira, gama ƙarfin da ya tafi wajen karya kara ba zai kai ga ɓawo ba.

Na biyar, in malami ya yarda, a yi masa laima da leda da zare, domin iska ta rage saurinsa.

A fara gwaji da dafaffen ƙwai daga rabin mita, ana ƙarawa, ana rubuta sakamako. Abu ɗaya kaɗai za a sauya a kowane gwaji. Malami ne zai hau tsani, ɗalibai su tsaya nesa.

ILMIN NAN BA BAƘO BA NE

Matan da ke kawo ƙwan zabi kasuwa cikin ƙwarya, a binne cikin ƙaiƙayi, sun daɗe suna aiki da wannan ƙa'ida. Da ita kuma masana na Amurka suka saukar da na'urar Pathfinder a duniyar Mars a 1997, cikin jakunkunan iska. Abin da makaranta ke ƙara wa yaro shi ne awo da lissafi.

DARASI GA KOWA

Ƙoƙon kan mutum mazubi ne, abin da ke ciki kuwa ba a sayen wani a kasuwa. Soson da ke cikin hular kwano yana yi wa ƙwaƙwalwa aikin da ƙaiƙayi ke yi wa ƙwai. Haka bel ɗin mota mai maɗauri uku, wanda Nils Bohlin ya ƙirƙiro wa kamfanin Volvo a 1959. Tun kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa a 1988 ake jan kunnen jama'a a kan waɗannan biyu, amma yaron da ya ga ƙwansa ya tarwatse a kan siminti ya fi saurin ganewa.

Don haka ana roƙon malamai su shirya wannan gwaji, iyaye kuma su taimaka da ƙwai ɗaya ko biyu. Wanda ya hau babur zuwa Kafanchan kuwa, ya tuna ya ɗaure hular kwanonsa.