In an yi wa gari kwalliya, ina za a kai masu shi?

Kai da ke bayan garke da akwatin rediyo a kafaɗa, da kai da ke zaune bisa kaya kana jiran a buɗe maka hanya a kan iyaka, zancen yau naku ne. Batun gyaran birane ne da sunan raya al'ada, da abin da yake jawo wa mutanen cikinsu.

Mu fara da Agadas. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin kayan tarihin duniya, da unguwanninsa 11, da fadar Sarkin Abzin, da hasumiyar masallacin nan mai tsawon mita 27, wadda aka gina da ƙasa zalla. To amma ka san abin da ya ba garin fasalinsa? Zango ne. A ƙarni na 15 da na 16, lokacin da Abzinawa suka fara zama wuri guda, kowane dangi ya kafa gida inda ya saba sauka da dabbobinsa, iyakokin zangon suka zama lunguna. Kuɗin gini kuwa ayari ne ya kawo su: gishiri da dabino daga Bilma, hatsi da tufafi daga ƙasar Hausa. Ka ga ke nan abin da duniya ke yabo a yau, kakannin makiyayi da na falke suka kafa shi.

A Nijar an daɗe da gane cewa biki yana iya gina gari. Tun 2006, zamanin Tanja Mamadu, aka fara zagayawa da bikin ranar jamhuriya, 18 ga Disamba, daga wannan jiha zuwa waccan. Abin ya tsaya bayan juyin mulkin 2010, ya dawo a 2014 zamanin Mahamadu Isufu: Doso a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, Damagaram, wato Zinder Sabuwa, a 2018, Tilaberi a 2019. Duk garin da abin ya zagayo kansa yakan samu tituna, fitilu, dandalin fareti da masaukin baƙi. Wanda ya san Damagaram kafin 2018 ya san an taɓa ta. Direba ya ji daɗin hanya, mai tuwo-tuwo da mai shayi sun ci kasuwa, maƙera da dukawa sun samu masu saye. Wannan gaskiya ce, ba mai musu.

Sai dai kuma kwalliya wuri take so, wurin nan kuwa galibi akwai mai shi. Mutanen Yamai ba su manta 2016 ba, lokacin da hukuma ta bi bakin tituna tana rushe shaguna da rumfuna, birnin na shirin karɓar taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019. Ni kaina ina da kawu mai tireda da irin wannan guguwa ta taɓa a wani gari. Da safe ya tarar an shafa jan fenti a jikin rumfarsa, kafin mako ya zagayo ba rumfa. An nuna masa wani fili can bayan gari. Ya ce mini, "Ɗana, fili kam akwai, amma wa zan sayar wa sukari a can, kuraye?" Shekara goma sha ya yi yana biyan kuɗin wuri, bai taɓa ajiye rasiɗi ko ɗaya ba. Da aka zo lissafi, ba shi da abin nunawa.

Makiyayi ma haka. Ran biki ana son raƙuminka da ado, ana son doki, ana son rawar samari gaban manyan baƙi. Amma in gari ya faɗaɗa, filin da ake fara hange shi ne na kara, da mashaya, da burtalin da ke ratsa gefen gari. A kira ka ka ƙawata fareti, bayan watse taro ka rasa inda za ka bi da bisashe, ina amfani?

Akwai kuma waɗanda gidajensu ke cikin tsohon gari. Da zarar an ce unguwa ta zama kayan tarihi, ana so ka riƙe ginin ƙasa yadda ka gada. Ginin ƙasa kuwa yaɓe yake so kowace shekara, yaɓe kuɗi ne. Masu yawon buɗe ido da aka sa rai za su kawo kuɗin sun ɗauke ƙafa daga Agadas tun tawayen 2007 da sace-sacen Turawa da suka biyo baya. Ɗawainiya ta koma wuyan mai gida. Damanar 2024 ta tona asirin wannan: ruwa ya ɓata gidaje a tsohon garin Agadas, a farkon Satumba kuma tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Shekara shida kacal bayan bikin Sabuwa. Fentin kwana ɗaya ba ya riƙe bango, hannun magini ne ke riƙe shi, shekara bayan shekara.

To me ya rage gare mu? Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. In ka ji ƙishin-ƙishin za a gyara garinku, kada ka jira sai ka ga katafila. Ɗan kasuwa, ka adana duk takardar da ka biya kuɗin wuri da ita. Ku tafi ma'aikatar magajin gari a ƙungiyance, ku yi tambaya uku: ina za a mayar da mu, yaushe, kuma akwai hanya da ruwa da masu saye a can? A ba ku amsa a rubuce. Makiyayi, ka sani a Nijar dokar kiwo ta 2010 ta amince da cewa zirga-zirga da dabbobi haƙƙinka ne. Ku haɗu da arɗo da shugabanninku, ku je kwamitin filaye da ake kira Kofo, ku tabbatar burtali da mashaya suna cikin rajista, an kuma kafa musu alama. Abin da ke bisa takarda ya fi wuyar haɗiyewa. Sannan in an zo rabon aiki, ku nemi a sa maginan gari da samarin unguwa, domin su ne za su zauna da ginin bayan baƙi sun tafi.

Ba wanda ke ƙin garinsu ya yi kyau. Abin da muke roƙo shi ne, in an kunna sababbin fitilu, su haska mutanen da aka tarar a wurin.

Idan irin wannan ta faru a garinku, ko ta wannan ɓangare na iyaka ko ta wancan, ku aiko mana da labari, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya kiyaye hanya, ya albarkaci garke da jari. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.