Amanar Da Ke Wuyan Amirin Tafiya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan uwa, kaka ta yi. An karya masara, ana tsinkar auduga, manomi ya sami sukunin zama ya saurara. Yanzu ne ayarorinmu na da'awa za su fara takawa zuwa ƙauyukan Bakori da Ɗanja da Ƙafur, inda mota ba ta shiga. Don haka muka ga ya wajaba mu yi magana da waɗanda za su ja gaba.

Abu Dawud ya ruwaito umurnin Manzon Allah (SAW) cewa ko mutum uku ne suka fita tafiya su naɗa ɗayansu amiri. Ya kuma ruwaito cewa shi kansa yakan tsaya a bayan ayari, yana kula da mai rauni, yana ɗora shi a bayan abin hawansa. A nan ne da yawanmu muke kuskure. Mukan zaɓi saurayin da ya fi kowa ƙarfin ƙafa, ya shige gaba, dattijai na haki a baya. Mun taɓa isa wani ƙauye, har an yi mana shimfiɗa, sannan muka farga babu wani dattijonmu. Ƙaya ce ta soke shi a bakin rafi, ya zauna shi kaɗai kusan awa guda. Ba wanda ya ƙirga mu da muka tashi, to yaya za a san an ragu?

Wannan aiki ba mu muka fara shi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, inda matan ƙauyuka ke zuwa ɗaukar karatu a ƙafa ƙarƙashin jaji. Dattijuwa mai hankali ake ɗora wa malfar jaji, domin aikinta shi ne ta kai su ta komo da su cif.

To, amiri ya taka hanyar da ƙafarsa tun kafin ranar, ya san inda rijiya take da inda za a yi azahar. Ya aika wa mai unguwa da limami, kada a faɗa wa mutane gari kwatsam. Ya rubuta sunayen 'yan ayari, ya sa amintacce a ƙarshen layi, a ƙirga a kowane zango. Kada a ratsa gonar da ba a kwashe ba. Wanda aka tattake wa waken suya da safe ba zai saurari wa'azi da yamma ba. Batun kasaru kuwa, a mazhabar Malik sai tafiya ta kai mil 48, tamu ba ta kai ba, a cika salla.

Saura magana mai nauyi. Ba mu manta da ɗalibai sama da 300 da aka sace a Ƙanƙara a 2020 ba, ko masallatan da aka kashe a sallar asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi a 2025. A 2021 an rufe layukan waya a Funtua da Malumfashi da maƙwabtansu, saboda haka kada a dogara da waya kaɗai. A bar wa wani a gida sunan hanya da lokacin komowa. Kada a shelanta hanya a lasifika. A fita bayan gari ya waye, a juyo da la'asar sakaliya. In mutanen ƙauye suka ce kada a zo yau, amiri ya soke tafiyar, ko da an riga an taru. Wanda ya kira wannan tsoro, a tambaye shi wa zai je ya gaya wa iyalan wanda bai dawo ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.