Tamowa: Ɓarnar da Take Yi wa Jikin Yaro da Yadda Ake Maganinta

Akwai wata cuta wadda ta fi kama yara daga lokacin yaye zuwa shekara uku ko huɗu, kuma sau da yawa iyaye ba su gane ta sai ta yi nisa. Ita ce tamowa, watau lalacewar jiki saboda ƙarancin abincin da yake gina shi. Iri biyu ce. Akwai ta ramewa, wadda yaro yake bushewa, haƙarƙari a waje, fuska ta tattare kamar ta tsoho. Wannan duk wanda ya gan ta ya san babu lafiya. Ɗayar kuwa ita ce mai yaudara, gama da kumburi take zuwa, har maƙwabta su riƙa yaba wa uwa, wai ɗanta ya yi ƙiba.

Likitoci suna kiran wannan ta biyun kwashiyoko. Kalmar daga harshen Ga ne na mutanen Akra a ƙasar Gana, kuma wata likita, Cicely Williams, ita ta shigar da ita cikin rubutun likitoci a 1935. Ma'anarta, cutar da yaro yake samu idan an yi masa ƙane. Lalle sunan ya dace: an raba yaro da nono, ya koma tsinkakken koko ko garin rogo, ciki ya cika, jiki bai sami kome ba. Nijeriya ta ga munin cutar a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, amma fa ba sai da yaƙi take shiga gida ba. Ƙyanda ko gudawa a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sun isa.

Jikin da bai sami abinci ba kansa yake ci. Ya fara da kitse, sa'an nan ya koma kan tsoka, zuciya kuwa tsoka ce, don haka ita ma takan raunana. Hanji yakan yi sirara ya kasa tsotse abinci, hanta ta kasa riƙe sukarin jini, jiki ya yi sanyi. Gashi ya yi ja ya riƙa zuba, fata ta saɓule. Abin da ya fi haɗari shi ne, irin wannan yaro yana iya ɗauke da mugun ciwo a huhu ko a jini ba tare da zazzaɓi ya nuna ba. Wanda ya daɗe cikin rashi a shekaru biyun farko kuma yakan tsumbure, karatu ya yi masa wuya.

Ganewa ba ta da wuya. A danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa, a ƙidaya uku. In gurbin yatsa ya tsaya, ruwa ne, sai asibiti a ranar. Ma'aikatan lafiya kuma suna auna dantsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5; in bai kai santimita 11.5 ba, cutar ta yi tsanani.

Wajen magani aka fi yin kuskure. Ɗura da tsaga da jiƙon wankin ciki ƙara kashe yaro suke yi. Cika shi da abinci farat ɗaya ma yana iya tsayar da zuciyarsa. Yaron da ya ƙi cin abinci, ko kumburinsa ya yi yawa, kwantar da shi ake yi, a ba shi madara ta musamman kaɗan-kaɗan bayan kowace awa biyu ko uku, dare da rana, a lulluɓe shi, a ba shi maganin ƙwayoyin cuta. Maganin ƙarin jini sai ya fara cin abinci sosai tukuna.

Wanda yake iya ci kuwa, a gida ake jinyarsa da wani curin gyaɗa da madara da mai da sukari, wanda aka fara haɗawa a Faransa a 1996, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da wannan hanya a 2007. Magani ne da aka ƙidaya wa yaro ɗaya gwargwadon nauyinsa. Raba shi da 'yan'uwa ko kai shi kasuwa tauye maganin ne.

Bayan an sallame shi, sai a ci gaba da nono har shekara biyu, a kaurara kunu da gyaɗa ko wake, a sa manja da zogale da garin kifi, a ba shi sau huɗu ko biyar a yini cikin kwanonsa shi kaɗai. Ƙwai ma a ba shi, gama maganar wai yana sa yaro sata camfi ne kurum.