Waƙar Da Aka Yi Wa Jaririya

Yau za mu kai ku wata ƙasa mai nisa ƙwarai, sunanta Tsibiran Marshall. Tsibiri kuwa shi ne tudun da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Waɗannan tsibirai suna can tsakiyar babban tekun da ake kira Fasifik, babban garinsu Majuro. Mutanensu duka ba su kai 50,000 ba.

Ƙasar tasu shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Yawancinta bai fi ƙafa 7 bisa kan ruwa ba, watau dogon mutum in ya ɗaga hannu ya wuce ta. A wani wurin ma siririya ce, har kana tsaye bisa hanya kana ganin teku dama da hagu.

To, ruwan nan yana tasowa. Ga dalili. Gawayin ƙasa da fetur da ake ƙonawa a manyan ƙasashe suna fid da wata iska wadda ke tare zafin rana, kamar yadda murfi ke tare zafin tukunya. Duniya na ɗumi, ƙanƙarar da ke can ƙarshen arewa da kudu na narkewa tana kwarara cikin teku. Ruwan kansa in ya yi ɗumi kumbura yake yi. Daga 1900 zuwa yau teku ya ƙaru da wajen inci 8. Kada ku raina inci 8. Ruwan gishiri na shiga rijiyoyinsu, yana kashe itatuwan da suke ci, har kaburburan kakanninsu na bakin gaɓa yana ci. A watan Maris na 2014 ruwa ya hau Majuro, ya kori ɗaruruwan mutane daga gidajensu.

Masana sun daɗe suna rubuta wannan da lissafi, amma masu ji kaɗan ne. Sai ga wata mace 'yar tsibiran, Kathy Jetnil-Kijiner, mai shekara 26. A watan Satumba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara shugabanni a birnin New York na Amurka don shawara kan sauyin yanayi. Cikin mutum fiye da 500 ita aka zaɓa ta yi magana a madadin talakawa. Da ta tashi sai ta kawo waƙar da ta tsara wa 'yarta mai wata 7, tana yi mata alkawarin ba za a bari teku ya cinye gidansu ba. Da ta ƙare, mijinta ya kawo jaririyar gaban taron. Shugabanni suka miƙe tsaye suna tafi, wasu har da hawaye.

Mu dai ba mu yi mamaki ba. Ku da kanku kun sani, sanarwa a kan manta da ita kafin a isa gida, amma waƙa mata na daka da ita, yara na tafiya rijiya da ita.

Masassaƙa ma sun yi nasu. A watan Oktoba na shekarar, samari da 'yan mata daga ƙasashen tsibirai 12 suka kai kwale-kwalen gargajiya da aka sassaƙa da hannu tashar Newcastle ta Ostareliya, suka tare hanyar jiragen dakon gawayi.

A 2015 ƙasashen duniya suka taru a Paris, suka yarda a yi ƙoƙari kada ƙarin zafi ya wuce digiri 1 da rabi. Mutanen tsibirai ne suka nace sai an sa wannan adadi. Amma tafi bai tsai da ruwa ba. Zafin shekarar 2024 ya haura adadin nan.

Kathy kuwa ita da 'yan uwanta sun kafa ƙungiyar matasa mai suna Jo-Jikum. Sun tara yara, sun koya musu tsara waƙa da zanen bango kan halin da tsibiransu ke ciki, don yaran su koma gida su faɗa wa iyayensu.