Ashafa: Ma'anar Sunan, Asalinsa da Yaɗuwarsa a Ƙasar Gusau

Gabatarwa

Hausawa na cewa suna linzami ne. Abin da suke nufi shi ne suna yakan ja mai shi zuwa ga halin wanda aka yi masa takwara da shi, ko zuwa ga fatan da iyaye suka yi masa ranar da aka yanka rago. Saboda haka nazarin sunaye reshe ne na nazarin harshe da tarihi gaba ɗaya, domin a cikin suna guda ana iya tarar da labarin ƙaura da na ciniki da na ilmi. Wannan lacca za ta tsaya a kan suna ɗaya tak, watau Ashafa. Suna ne da kusan duk ɗan Gusau ya taɓa ji, amma da wuya a ji an raɗa wa jariri shi a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu. Za a dubi ma'anarsa, da hanyar da ya biyo ya iso ƙasar Zamfara, sa'an nan da dalilan ƙarancinsa.

Ma'anar Sunan

Ashafa ya fito daga kalmar Larabci ash-shifa', wadda ke nufin waraka ko samun sauƙi daga cuta. Kalmar ta zo a Alƙur'ani mai girma a surorin Yunus da Nahli da Isra'i da Fussilat, inda aka siffanta Alƙur'ani da ita, aka kuma siffanta zuma da ita.

Yadda kalmar ta rikiɗe a bakin Bahaushe ya bi ƙa'idar da aka sani ga kalmomin aro. Na farko, Hausa takan haɗiye alif da lam na Larabci su zama ɓangaren kalma, kamar a alƙali da alƙalami da albasa. Na biyu, inda lam ɗin ya narke cikin baƙin da ke biye da shi, sau da yawa Hausa takan sauke nauyin shaddar. Ta haka ne as-subh ta zama asuba, as-sabt ta zama Asabar, as-sirr ta zama asiri. Na uku, wasali yakan yi naso da maƙwabcinsa, sai i na tsakiya ya koma a. Na huɗu, hamzar ƙarshe ta faɗi. Idan aka tara waɗannan matakai, ash-shifa' ta zama Ashafa.

A nan wajibi ne a kawar da rikici iri biyu. Mai sauraro zai iya zaton sunan ya fito daga aikatau na Hausa, kamar yadda ake cewa a shafa Fatiha. Wannan kamancin sauti ne kawai. Haka kuma Ashafa ba ɗan'uwan Shafi'u da Shafa'atu ba ne, domin su tushensu kalmar ceto ce, kuma a Larabci suna da harafin ain, wanda babu shi a kalmar waraka.

Daga Littafi Zuwa Mutum

Bahaushe bai ari wannan kalma don maganar magani ba, yana da waraka da sauƙi da lafiya. Ya are ta ne a matsayin sunan littafi. Ashafa shi ne yadda malamai da almajirai ke kiran littafin Alƙali Iyal ɗan Musa, malamin mazhabar Malikiyya, wanda aka haifa a Sabta cikin 1083, ya yi alƙalanci a Sabta da Garnaɗa ta Andalus, ya rasu a Marrakesh ta Maroko cikin 1149. Littafin ya kasu kashi huɗu, yana bayanin darajar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da haƙƙoƙinsa a kan al'umma, da abin da ya halatta a jingina masa da wanda bai halatta ba, da hukuncin wanda ya taɓa mutuncinsa.

Littafin ya ƙetaro Sahara tun da daɗewa. Abdurrahman Sa'adi, marubucin Tarihin Sudan a ƙarni na 17, ya ambaci cewa ana karanta shi cikin watan Azumi a masallacin Sankore na Tumbuktu. A wajen malaman Wangarawa kuwa, yana cikin manyan littattafai uku da ɗalibi zai sauke kafin a ɗauke shi malami, tare da Jalalaini da Muwaɗɗa. Wannan al'ada ta zauna a ƙasar Hausa, har yau ana karatun Ashafa a zauruka da masallatai, musamman cikin Azumi.

To, yaya sunan littafi ya koma sunan mutum? Amsar tana cikin tsarin laƙabi. Bayan sunan yanka da liman ke raɗawa ranar bakwai, Bahaushe yana da wani suna da ke ɗauko lokacin haihuwa ko yanayinta. Wanda aka haifa ran Lahadi Ɗanladi ne, wanda aka haifa cikin Azumi Ɗan'azumi ne, wanda ya zo ana sheƙa ruwa Anaruwa ne. Bugu da ƙari, alkunya takan hana uwa ambaton sunan ɗan farinta, takan kuma hana 'yan gida kiran yaron da aka sa wa sunan kakansa, dole a nemo wani abin kira. A gidan malamai, inda littafi shi ne ma'aunin lokaci, yaron da aka haifa ana tsakiyar karatun Ashafa ko ranar saukarsa zai iya tashi da sunan. Haka nan malamin da ya yi fice wajen karantar da wani littafi akan laƙaba masa shi. Ko ta wace ƙofa aka shigo, wannan suna shaida ne cewa gidan da ya fito gidan karatu ne.

Ashafa a Tarihin Gusau

Yankin da Gusau da Tsafe suke a yau yana cikin ƙasar Katsina ta yamma kafin Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804. Shi ya sa har yanzu sarautar Gusau take Sarkin Katsinan Gusau. A wannan yanki ne garin 'Yandoto yake, tsohuwar cibiyar malamai wadda rundunar Muhammadu Bello ta ci a farkon shekarun Jihadi, wadda kuma sunanta ya wanzu a sarautar 'Yandoton Tsafe. Daga cikin malaman Fulani na wannan yanki da suka bi Shehu akwai Malam Muhammadu Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa garin Gusau. Zuriyar gidan su ne ake kira Ashafawa.

Sunan wannan bawan Allah shi kansa darasi ne, don harsuna uku suka haɗu a cikinsa. Muhammadu Larabci ne, sunan yanka ke nan. Sambo Fulatanci ne, sunan da ake ba ɗa namiji na biyu. Ɗan Hausa ce, tana nuna nasaba. Ashafa kuwa Larabci ne da ya riga ya sa rigar Hausa. Duk wanda ya fahimci wannan jeri ya fahimci irin cuɗanyar da ta haifi garuruwan Jihadi kamar Gusau da maƙwabciyarta Bunguɗu, wadda sarautarta take Sarkin Fulanin Bunguɗu.

Dalilan Ƙarancinsa

Kwatance zai taimaka a nan. Buhari sunan malamin hadisi ne, kuma da shi ake kiran littafinsa. Shehu ya sa wa ɗansa wannan suna, watau Muhammadu Buhari na Tambuwal, ya kuma bazu har wani mai shi ya shugabanci Nijeriya daga 2015 zuwa 2023. Sanusi da Jazuli da Gazali duk sunayen marubuta ne, duk kuma sun karɓu. Ashafa bai bi sahunsu ba saboda dalilai uku.

Na ɗaya, waɗancan sunayen mutane ne, kuma manufar takwara ita ce yaro ya ɗauko albarkar wani mutum. Liman yana da annabi ko sahabi ko waliyyi da zai jingina yaro gare shi, amma littafi ba ya zama takwara. A Larabci ma da aka sa kalmar ga mutum, mace aka fi sani da ita, watau sahabiya Shifa'u 'yar Abdullahi, wadda ta koya wa Nana Hafsatu rubutu.

Na biyu, sunan ya zama tambarin gida guda a Gusau. Idan suna ya kai wannan matsayi, wanda ba ɗan gidan ba yakan ji nauyin ɗaukarsa, don kada a ce yana raɓar sarauta.

Na uku, da makarantun boko da aikin gwamnati suka zo, rajista ta nemi suna biyu, sai aka saba cike gurbi na biyu da sunan uba ko na gari. Aminu Kano da Shehu Shagari misalai ne sanannu. Haka ɗalibai suka zama wane Gusau, wane Tsafe, wane Bunguɗu, laƙabin kakanni ya rasa wurin zama a takarda.

Duk da haka sunan bai tsaya a Zamfara ba. A Kaduna akwai Imam Muhammad Nurayn Ashafa, wanda shi da Fasto James Wuye suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai cikin 1995, bayan sun daɗe suna gaba da juna. Aikin sulhu kuwa ya dace da suna mai ma'anar waraka.

Kammalawa

Tun daga 1996 Gusau ta zama hedikwatar Jihar Zamfara, kuma kullum ana rubuta sunaye a takardun haihuwa da katin ɗan ƙasa da rajistar makarantu. Ma'aikacin da ke riƙe da alƙalami ko kwamfuta a irin wannan ofis amana ce a hannunsa. In ya ji baƙon suna ya gyara shi zuwa wanda ya saba, ya mai da Ashafa Ashiru ko Shafi'u, ya yanke wa wani gida igiyar da ta haɗa shi da kakanninsa, gyaran takarda kuwa wahala ce ta shekaru. Abin da ya kamace shi shi ne ya tambaya, ya rubuta yadda masu sunan ke faɗa.

Ɗalibai su ma suna da rabonsu. A Gusau da Tsafe da Bunguɗu akwai tsofaffin da suka san dalilin kowane laƙabi na gidansu. Ya kamata a same su tun suna da rai, a rubuta sunan, da wanda ya fara ɗaukarsa, da dalilin da aka ba shi. Idan suna ɗaya ya iya kai mai nazari daga bakin kogin Sakkwato har Andalus, to sauran da ba a bincika ba suna ɗauke da irin wannan tarihi. Allah ya sa a dace.